Ɓangaren D na Malam Labbo

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar Bukkuyum ba, ranar da na yi gyaran kwamfuta ina tsaye a waje, bakin taga, na juya mata baya. Tunda ku sababbin shiga kun matsa sai na ba ku labarin yadda muka yi aiki kafin zuwanku, to ga shi. Wanda bai san kwamfuta ba kada ya tashi, zan yi bayani.

Wajen shekarar 2014 ne. Ina ofishinmu na shiyya a Anka, mai kula da ƙananan ofisoshin Gummi da Bukkuyum. Muƙamina jami'in kwamfuta, mataki na takwas, ni kaɗai a shiyyar. Ana ce mini Injiniya, abin da a aikace yake nufin duk wani abu mai waya a gindinsa nawa ne: firinta, fanka, janareta, har butar shayin Darakta. Daraktan, Alhaji Sambo, mataki na goma sha biyar ne, mutum mai tsafta da son a ga an yi. Ya yi imani cewa duk abin da aka rubuta a takarda mai hatimi ya riga ya faru, saura duniya ta samu labari.

A shekarar aka aiko mana da sababbin laftof guda uku, ɗaya ga kowane ofis, ɗauke da Windows 8. An raba su bisa ƙa'idar da kuka sani, wato ga wanda ya fi kowa mataki, ko yana aiki da ita ko ba ya yi. Ranar rabo ni da kaina na yanka wa kowace rumbunta gida biyu, C da D, domin a shiyyarmu ba mai karɓar kwamfutar da ba ta da D.

Rumbu shi ne inda kwamfuta ke ajiye komai. Guda ɗaya ne, amma ana raba shi a sa wa kowane ɓangare harafi. A C Windows ke zama, D kuwa na mai kwamfuta ne. Masu gyara sun daɗe suna koya wa mutane cewa in kwamfuta ta lalace C ake sharewa, D ba a taɓa shi, kuma a yawancin lokuta haka ne. Sai dai a wajenmu maganar ta tashi daga shawara ta zama aƙida, har ta haifi ladubbanta. C zaure ne, kowa na iya shiga ya gaisa. D cikin gida ne. Mai gyaran da aka kama yana leƙen D ɗin mutum, sunansa ya ɓaci daga Anka har Gummi, ko rediyo ba za a sake ba shi ba.

Ba a rufa shekara ba sai ga sakula, wato takardar umarni, daga hedikwata. An yi sabuwar manhajar adana bayanan ma'aikata, sabuwa fil, wadda ba ta tashi sai a kan Windows 7, shi ma ƙaramin, mai bit talatin da biyu. Saboda haka a mayar da sababbin kwamfutoci baya don su dace da sabuwar manhaja. An ba da wa'adi. Ban tambayi dalili ba, domin dalili ba ya cikin abubuwan da ake raba wa mataki na takwas.

Na fara da ta Darakta. Na kashe makullin da ke hana tsohon faifai tashi, na sa faifan Windows 7, komai lafiya har wurin zaɓar ɓangaren da za a zuba shi. Na zaɓi C. Sai ta fito da rubutu, cikin ladabi, cewa ba za a iya zuba Windows a wannan rumbu ba, domin tsarin rabonsa GPT ne.

Ga ma'anar. Kowane rumbu yana da taswira a farkonsa, mai nuna inda C ya fara, inda ya tsaya, da inda D ya ɗauka. Taswirar iri biyu ce, tsohuwa mai suna MBR da sabuwa mai suna GPT. Kwamfutocinmu da sabuwar suka zo, ƙaramin Windows 7 kuwa ba ya tashi a kanta. Dole a sauya taswira, kuma hanyar da faifan ya tanada ita ce a share rumbun ɗungurungum a sake yanka shi. Duka, har da D. Na san wani a cikinku zai ce akwai manhajojin da ke juya taswira ba tare da shara ba. Akwai, na ji labarinsu. Amma da intanet ɗin Anka na lokacin sai mutum ya yi furfura kafin ya sauke ɗaya, kuma ko na samu ba a kan kayan mutane zan fara gwada ta ba.

Na je na yi wa Darakta bayani. Ya saurare ni idonsa na kan sakular.

"Wato ta ƙi," in ji shi.

"Ba ƙi ba ne, ranka ya daɗe. Tsarin rumbun ne bai dace ba."

"Wa ya amince da wannan tsarin? Ni dai bai biyo ta teburina ba."

"Daga masana'anta ya zo."

"Hedikwata ta fi masana'anta. Ka yi abin da takarda ta ce."

Na ce zan yi, amma D zai tafi. Ya yi mini murmushin tausayi. "Injiniya, tun kana makaranta nake da kwamfuta. D ba ya tafiya."

Na share tasa, D ya tafi. Amma da yake tun ranar rabo tana cikin ledarta ana jiran bikin ƙaddamarwa, babu abin da ke ciki da zai tafi tare da shi. Da na sake yanka rumbun na miƙa masa, ya buɗe, ya ga D wayam kamar yadda ya bar shi, sai ya ce, "Ka gani?" Daga ranar ya samu hujja, ni kuma na samu sunan mai tsorata jama'a.

A Gummi ba a sha wahala ba. Jami'in can ya ce fina-finai ne a D ɗinsa, kuma ya gama kallonsu.

Saura Bukkuyum, ga wa'adi ya zo wuya. Darakta ya ce da shi za a je don ya sa ido. Damina ce, hanya ta lalace, kuma a shekarun nan an riga an fara sanin cewa mai hankali yana barin hanyar kafin la'asar ta yi sanyi. Direba ya faɗi haka a mota, ya maimaita da muka sauka.

Kwamfutar Bukkuyum tana hannun Malam Labbo, mutumin Zugu, tsohon malamin tarihi da aka ɗauko daga aji aka ajiye a ofis, saura masa kaɗan ya yi ritaya. Shi kaɗai cikin ukun ya mori tasa. Ya shekara da shekaru yana bin tsofaffin Zugu da ƙauyukan kewaye da wayarsa, yana ɗaukar muryarsu suna ba da tarihin gari: wa ya fara saran daji, wace unguwa ta riga wace, yaushe kasuwa ta tashi daga gindin tsamiya. Da kwamfutar ta zo, 'yarsa mai karatu a Gusau ta juye masa duk katunan wayar a D, ta share su don ya sake cikawa. Wasu daga cikin tsofaffin sun rasu. Wasu sun tashi daga ƙauyukansu, ba a san inda suka sauka ba. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, domin Malam Labbo ba ya yarda a soka filashi a kwamfutarsa. Ya ji an ce ta nan cuta ke shiga.

Na yi masa karatun taswira. Ya saurara har ƙarshe, ka san malami.

"Na ji karatunka, Injiniya," in ji shi. "Amma kayana ga D suke. Ɗiyata tas sa min su can da hannunta."

"Shi ya sa, Malam. D ɗin ne zai tafi."

"D ba shi tahiya."

"Haka na gaya masa," in ji Darakta daga kujerar baƙi. "A gabana aka yi tawa."

Na ce ta Darakta ba komai a cikinta. Darakta ya ce ba wannan ake tattaunawa ba. Sai na ce to, ba gardama, Malam ya rubuta mini layi biyu cewa na faɗa masa kuma ya yarda a share, Darakta ya sa hannu a ƙasa. A aikin gwamnati ba abin da ke sa mutum ya sake nazarin aƙidarsa kamar a ce ya sa hannu. Darakta ya ciro biro, ya dube shi, ya mayar aljihu, ya ce ba laifi a yi kwafin, don dai a kwantar wa Injiniya da hankali.

Na ciro filashina, na rantse wa Malam Labbo cewa na wanke shi tas. Na jawo kujera zan buɗe D, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan madannai.

"Ina za ka?"

"Zan kwashe kayan, Malam."

"Iyalina na ciki. Hotunan suna, hotunan biki, mata ba lulluɓi. Ko ƙanena bai shiga, balle kai."

"Ba buɗewa zan yi ba. Sunayen jakunkuna kawai zan gani."

"Kahin ka ga ƙohwar ɗaki ai ka wuce zaure."

Darakta ya goyi bayansa da zafi. Ya ce wannan ita ce tarbiyya, kuma shi ma da akwai wani abu a D ɗinsa haka zai yi. Aka yanke hukunci: Malam Labbo zai yi kwafin da kansa, ni in fita in tsaya bakin taga, in juya baya, in riƙa faɗa masa abin da zai danna. Na yi karatun diploma shekara biyu, babu darasin da ya taɓo wannan.

A kusurwar ofishin akwai Hajiya Kulu, mai buga takardu, da tsohuwar kwamfutarta ta kan tebur. Taubashiyar Malam Labbo ce, 'yar kawunsa, don haka ita kaɗai a ƙaramar hukumar ke da lasisin faɗa masa abin da ta ga dama.

"Labbo, yau kai na ungozoma?" in ji ta. "Allah shi sauke ku lahiya."

"Ke dai buga takardarki."

Na tsaya ina kallon awakin da ke kiwo a filin ofis, na ɗaga murya. "Malam, ka ga kayanka?"

"Ga su gabana."

"Ka zagaye su duka, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi kwafi."

Wannan ya ɗauki lokaci. Na ji yana yi wa linzamin kwamfutar faɗa, na ji Hajiya Kulu tana tambaya ko a kira masa motar asibiti. Daga baya ya ce ya yi. Na ce ya buɗe filashi ya zuba.

"Na zuba."

"To sai mu jira."

"Jiran mi? Ta ƙare."

"Ta ƙare?"

"Kahin in ɗauke yatsa."

Darakta ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce madalla, amfanin sabuwar kwamfuta ke nan, a share a kama hanya. Direba ma ya riga ya leƙo sau biyu. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Muryar tsofaffi ta shekaru, ga hotunan biki, ba sa ƙetarawa cikin filashi kafin a ɗauke yatsa, ko da kwamfutar daga aljanna aka aiko ta. Na ce ina roƙon a gwada.

"Injiniya, so kake mu kwana a hanya?"

"A'a, ranka ya daɗe. A sa filashin a kwamfutar Hajiya, a ji murya ɗaya kawai."

Ya tuna mini cewa akwai abin da ake kira takardar tuhuma, kuma bai taɓa ba ni ba saboda yana ganin mutuncin mahaifina. Malam Labbo ne ya raba mu, ba don ya yarda da ni ba. Ya ji haushi an yi shakkar aikinsa. "A gwada, ranka shi daɗe," in ji shi, "don shi ji kunya."

Aka sa filashin a kwamfutar Hajiya Kulu. Malam Labbo ya danna jaka ta farko, kwamfutar ta ce ba ta ga abin da ake nema ba. Ya danna ta biyu, ta maimaita. Daga taga na tambayi Hajiya ko akwai 'yar kibiya a gindin kowace jaka.

"Akwai ta, lanƙwasassa."

Nan na gane. 'Yar tasa, don ta sauƙaƙa wa mahaifinta, ta ajiye kayan a D, ta kuma jera masa alamu a fuskar kwamfuta, waɗanda in ya danna suke kai shi kai tsaye. Alamun ba kaya ba ne, nuni ne kawai. Su ya sani, su yake dannawa kullum, su ya kwafa. Ya kwashe allunan da ke nuna hanyar gari ya bar garin a inda yake. Wato duk tsaron da yake yi wa D, shi kansa bai taɓa shiga ta ƙofa ba.

Na faɗa masa haka, da kalmomi masu laushi. Na ji ƙarar kujera ya zauna.

"Da an share hwa?"

"Da sun tafi, Malam."

"Har Sarkin Noma? Har Maiunguwa na Tudu?"

"Duka."

Ya cire hula ya share gumi, in ji Hajiya Kulu, ni ban gani ba. Muka sake gwadawa ta taga, ina kwatanta masa hanyar shiga D, amma in na ce hagu sai ya buɗe kalanda. Darakta ya dubi agogo, tarbiyya ta fara yi masa nauyi.

"Malam Labbo, ka bar shi ya shiga mana. Ai kamar likita ne."

"Ranka shi daɗe, ohis naka na. Gida nau na."

Sai Hajiya Kulu ta ture kujerarta ta tashi. "Kauce, Labbo. Ni wane ɗaki na gidanka ban shiga ba? Ni nir rako matarka ranar da anka kawo ta, kana laɓe bayan rumbu kana zuhwa."

Ya duba shari'a, ya duba al'ada, bai samu inda aka hana mace shiga cikin gida ba. Ya tashi ya ba ta kujera, ya tsaya a bayanta kamar dogari. Haka muka yi aikin: ni a taga ina faɗa, ita tana dannawa, shi yana gadi. Ta buɗe D, ta zagaye komai, ta zuba a filashi. Wannan karon wani koren layi ya fito yana rarrafe, kuma ban taɓa jin daɗin jinkirin na'ura kamar ranar ba.

Layin bai kai rabi ba aka kira la'asar. Darakta ya yi salla, ya dawo ya dubi layin, ya dubi sama. Ya sanar cewa ya gamsu da yadda aiki ke tafiya, don haka ya bar mini ragowar, in biyo motar haya da safe. Daga baya na ga rahoton da ya aika hedikwata, inda ya bayyana cewa an kammala aikin a ofisoshi uku ƙarƙashin sa idonsa, ba tare da asarar komai ba, saboda matakan kariya da ya ba da umarnin a ɗauka.

Da layin ya cika aka mayar da filashin kwamfutar Hajiya Kulu. Ta danna abin da ya fara zuwa hannunta. Muryar wata tsohuwa ta cika ofishin, tana cewa, "Labbo, janye wanga abu ga bakina, cin shi za ni yi?" Sannan ta yi tari, ta fara lissafa mutanen da suka haƙa tsohuwar rijiyar Zugu, kowa da sunan uwarsa.

Innar Malam Labbo ce, wadda ta rasu bara waccan. Goggon Hajiya Kulu ke nan, kuma a ɗakinta ta yi ƙuruciya. Hajiya ba ta ɗauke hannu daga linzamin ba har tsohuwar ta kai ƙarshen sunayen.

"Ba ka hwaɗa min kana da muryar Goggo ba," in ji ta, ba tare da ta waiwayo ba.

"Ga D take," in ji shi, kamar wannan ya isa bayani.

Sai a lokacin aka ba ni izinin shigowa. Na share rumbun, na sauya taswira zuwa MBR, Windows 7 ya shiga ba musu, na sake yanka C da D. Malam Labbo ya sa Hajiya ta mayar masa da kayansa D, ya kuma ce a wanke filashin a gabansa. Na roƙe shi ya riƙe filashin kyauta, ya ajiye a gida, tunda ya ga da idonsa D na tafiya.

"Ya tahi sau guda, bisa umurnin hedikwata," in ji shi. "Ba kullum aka yin sakula ba."

Ban ci nasara a kansa ba. Hajiya Kulu ce ta ce ba za ta tashi daga kujerar ba sai an biya ta ladan aiki, kuma ladan shi ne a sa mata Goggo a waya. Bai iya hana ta ba. Daga wayarta muryar ta bi matan dangi, a biki da suna, waya zuwa waya. Da 'ya'yan sauran tsofaffin suka ji, sai suka fara sallama a ofis. Mutumin da ba ya yarda da filashi ya tarar ba zai iya duban ɗa ya hana shi muryar ubansa ba. Hajiya Kulu ke turawa, shi yana tsaye a bayanta.

Rumbun kwamfutar ya mutu bayan damina biyu, da kansa, ba tare da sakula ba, C da D a rana ɗaya. An kawo mini ita Anka, ban iya ciro komai ba. Malam Labbo, ya riga ya yi ritaya, ya hau babur ya bi mutanen da aka tura wa, daga Zugu har Gusau, ya tattaro mafi yawan muryoyin. Waɗanda suka ɓata su ne na tsofaffin da ba wanda ya zo nema.

Darasin sana'a dai, kun ji shi: kada ku yarda da kwafin da ba a buɗe shi a wata na'ura ba, ko da Darakta na tsaye da makullin mota. Na mutane kuwa ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Na shekara ina yi wa ma'aikata wa'azin ajiye kwafi, ban ga wanda ya tuba ba. Mutanenmu ba sa raba abinsu gida biyu don Injiniya ya ce, sai in wani nasu ya roƙa. Saboda haka in kun tarar da abu mai daraja a rumbun wani dattijo, kada ku ɓata bakinku a kansa. Ku tambaya a hankali wa ke da hakki a cikin abin, ku tabbata ya ji labari.